Sunan da Baba ba ya kira

Muddin shinkafa na tsaye a gona, mahaifina ba ya kiran jan-baki da sunansu. Mu mutanen Zauro ne, fadama ce cinmu da shanmu, kuma duk wanda ya taɓa noman shinkafa a bakin gulbi ya san waɗannan 'yan tsuntsaye. Guda ɗaya bai cika tafin hannu ba, amma in suka taso a garke sai ka ga rana ta dushe, su sauka a gonar mutum, kafin ya gama ihu sun tashi sun bar masa kara. Baba ya gaji wata al'ada wurin nasa uban, wai in ka kira su suna ji, kuma suna amsawa. Saboda haka daga ranar da aka yi dashe har ranar da buhun ƙarshe ya shiga gida, ko kalmar tsuntsu ba ta fitowa daga bakinsa. "Yaran" yake ce musu. Limamin unguwarmu ya sha gaya masa camfi ne, Baba ya ce ya ji kuma ya yarda, sai dai baki ya riga ya saba. Mu 'ya'yansa dariya muke yi masa a bayan idonsa. Ni kaina da nake rubuta sunan yanzu, ban ɗauki biro ba sai da na tabbata an gama yankan bana.

Gonarmu ta gangara har bakin ruwa, inda dogayen ciyayi suke, kuma a cikin ciyayin nan tsuntsayen ke kwana. Tsaron wannan gefen aikina ne tun ina ƙarami. Akwai 'yar rumfa a kan sanduna, da igiyoyi da aka rataya wa gwangwanaye, ka hau tun duhun asuba ka yi ta jan igiya kana ihu har muryarka ta dishe. Bayan na shiga soja, ranar da na gaya wa Baba an tura mu arewa maso gabas, bai yi min dogon wa'azi ba. Ya dube ni ya ce, "To, wa za ya tsare min gehen ruwa?" Na ji haushin maganar a lokacin, don ni addu'a nake jira.

Sansanin da aka kai mu yana bayan wani gari da mutanensa suka watse. An haƙa rami an zagaye shi, an jera buhunan yashi, ga tantuna da rana ta cinye musu launi. Daga gabas akwai wani ruwa mai faɗi da ciyayi a bakinsa, kamar dai na gida. Ni kuwa tsakanin Zauro da Argungu na tashi, don Inna 'yar Argungu ce, kawunnaina sun koya min kamun kifi da homa da gora tun ban iya ɗaura wando ba. Ganin ruwan nan kullum ba ƙaramin cin rai ba ne. Ina hangen tarwaɗa na juyi a cikinsa, an hana mu kusantarsa, an bar mu da kifin gwangwani mai warin ƙarfe.

Mutanen gida suna zaton yaƙi harbi ne safe da yamma. Ina! Yawancinsa jira ne. Ka yi gadi, ka sauka, ka goge bindiga, ka wanke kaki da ruwan da bai kai na alwala ba, ka shanya, iska ta jefar da shi a ƙasa, ka sake wankewa. Ka bi layin ruwa, ka bi layin abinci, ka bi layin cajin waya a gindin sola. Shinkafar da ake dafa mana kuwa, Allah na tuba, ban san ƙasar da ta haife ta ba. Fara fat, ba ƙamshi, ba daɗi, ka ci ka ƙoshi bakinka bai san ya ci komai ba. Kullum sai na yi mita, har aka sa min suna Sarkin Shinkafa. In rana ta yi sanyi mu haƙa gidajen dara a ƙasa, mu buga da kwanson harsashi, a yi ta musu da rantse-rantse kamar gado ake rabawa.

Abin da ya ba ni dariya tun makon farko shi ne, a sansanin nan ba mai kiran sunan waɗanda muke yaƙi da su. "Yaran" ake cewa. Mutanen ƙauyukan wurin ne suka fara, sojoji suka ɗauka, har waɗanda ba su jin Hausa sun iya wannan kalmar. An ga yaran a hanya kaza, yaran sun kwashe shanu, yaran sun yi shiru kwana biyu. Na ce a raina, ashe Baba na da 'yan'uwa a nan.

A tantinmu akwai wani kofur da muke kira Ɗan Gwadangaji. Kirista ne, iyayensa mutanen tsakiyar ƙasar nan ne, aikin gwamnati ya kawo ubansa Birnin Kebbi, a can unguwar Gwadangaji aka haife shi. Ranar da na iso ya ji na ce wa wani, "Mi kac ce?" sai ya taso daga kan gadonsa ya ce, "Kai, Bakabe! Ina kah hito?" Wallahi sai da na ji ƙwalla, don rabona da jin Hausar gida ta Kebbi tun a tashar mota. Daga ranar kwanonmu ɗaya. In uwarsa ta aiko da yaji da ƙuli-ƙuli mu raba, in nawa garin ya zo mu raba. In ina salla ya riƙe min wurin gadi, ranar Lahadi in riƙe masa. Yana tsokanata wai mu mutanen fadama ƙafafunmu sun saba da taɓo shi ya sa ban iya fareti ba, ni kuma in ce masa ɗan birni wanda bai san bambancin shinkafa da ciyawa ba.

Waya kuwa wuri ɗaya tak take kamawa a duk sansanin, kan wani tudu kusa da tankin ruwa. Nan ma layi ne. Kana sama kana ɗaga murya don a ji ka a gida, na ƙasa suna jiran ka sauko, kowa na jin abin da kake faɗa. Mun san wanda matarsa ta yi yaji, mun san wanda ke neman aure, mun san wanda uwarsa ke kwance. Da farko abin tsokana ne. Daga baya ya daina zama abin tsokana.

Abin da ya faru shi ne, motar da ke kawo mana ruwa ta faɗa kwanton ɓauna a ranar da aka sauya mata hanya, hanyar da mu kaɗai muka san da ita. Sai magana ta fara yawo cewa akwai mai kai rahoto a cikinmu. Ba wanda ya faɗa a fili, amma kowa ya ji. Aka kori matan da ke kawo mana ƙosai daga ƙauyen da ke kusa. Aka daina hira in wani ya shigo tanti. Mutum zai tashi ya zaga bayan rami, idanu su raka shi su kuma dawo da shi. Ni ma na yi, ba zan ce ban yi ba. Akwai wani mai yawan shiru da na sa wa ido, don kawai ba ya buga dara.

A cikin wannan hali ne shinkafar rani ta Baba ta fid da kai. Lokacin da ƙwayar ke ruwa-ruwa kamar nono, lokacin ne jan-baki suka fi so, kuma lokacin ne manomi ba ya barci. Ƙanena yana tuƙin keke mai ƙafa uku a Birnin Kebbi, ba ya samun zuwa. Baba ya ɗauki wasu masu tsaro biyu, raggaye ne na ƙarshe, ba su isa gona sai rana ta take. Wata ranar da yamma na hau tudu na kira shi, layin na yankewa, ina ihu kamar mai kiran wanda ke tsallaken gulbi.

Na ce, "Baba, yaran sun zaka?"

Ya ce sun fara kewaye.

Na ce, "Ni dai na hwaɗa maka, gehen ruwa babu tsaro. Da asuba ba kowa nan, masu gadin kwana suka yi. Ta nan za su shigo."

Na sauko ina ƙunƙuni a kan raggayen masu gadin Baba, na miƙa wa na baya wuri. Ko a jikina.

Bayan 'yan kwanaki, ana shirin sallar asuba, yaran wancan wurin suka shigo mana ta gefen ruwa. Ba zan ba da labarin abin da ya faru ba, ban iya ba, kuma ba shi na zauna rubutawa ba. An kore su, amma mun rasa 'yan'uwa. Ɗaya daga cikinsu ya wanke safarsa da yamma ya shanya a igiyar bayan tantinmu, ta yi kwanaki a wurin ba wanda ya iya cire ta.

Washegari na lura da abin da ban gane ba. Na zo layin abinci, wanda ke gabana ya matsa, wanda ke bayana ya ja baya. Na zauna gindin bishiya, waɗanda ke wurin suka tashi ɗaya bayan ɗaya, kowa da uzurinsa. Na yi sallama a wurin dara, aka amsa a ciki. Can da hantsi sai ga Saje, wani dogon mutum daga wajen Kano wanda ba ya dariya ko ranar albashi. Ya ce in ba shi bindigata, za a duba ta. Na ba shi. Ya ce in ba shi wayata.

Na ce, "Oga Saje, lafiya?"

Ya ce, "Kai za a tambaya. Wa ka gaya wa gefen ruwa babu tsaro da asuba?"

Sai a lokacin maganar da na yi da Baba a tudu ta dawo min. Da ta dawo, dariya ce ta fara zuwa, na ce ai tsuntsaye ne, gonar ubana ce. Saje ya dube ni kamar na zage shi. Ya ce, "Tsuntsaye. Su ne yaran?" Na ce su ne. Ya ce to, in adana wannan labarin, kyaftin zai so ya ji shi. Ya kuma ce kada in fita daga tanti sai da rakiya.

Kowa a sansanin ya san abin da ke biyo baya. Motar kayan abinci tana zuwa daga birni, in za ta koma takan tafi da wanda ake zargi, a miƙa shi ga masu bincike. Waɗanda aka tafi da su ban ga wanda ya dawo ba a zamana, kuma ko mutum ya fito, sunan ya riga ya bi shi har gida. Ana sa ran motar a cikin makon. Na zauna a bakin gado ina tunanin yadda labari zai isa Zauro, a ce ɗan wane ya sayar da 'yan'uwansa, Inna ta ji shi a bakin rijiya. Na ji tsoro irin wanda ban ji ba ko a ranar harin.

Daga tsoro sai zuciya ta hau. Wa ya kai ni? Na shiga jero fuskokin da ke layi a ranar. Akwai mai dafa abinci, akwai mai shirun nan da ba ya dara, akwai wasu biyu da ba su jin Hausa sosai. Wanda ke bayana daf, wanda na miƙa wa wuri, Ɗan Gwadangaji ne. Shi kaɗai ke jin harshenmu har ƙasa. Kuma da safen nan na gan shi yana fitowa daga tantin kyaftin, ya sunkuyar da kai bai dube ni ba.

Yana shigowa na tare shi. Na ce, "Kai kak kai ni ko? Kwano guda muka ci, kana auna ni!"

Ya ajiye hularsa a hankali ya ce, "Kai dai wawa na. An kira ni an tambaye ni mi kac ce, na ce musu tsuntsaye kaka nuhi. Saje ya ce abokinka na, dole in kare ka. Yanzu ni ma an sa min ido saboda kai."

Na ce, "Ƙarya kake yi."

Ya ce, "To."

Wannan "to" ɗin ya fi zagi ciwo. Da yamma aka kawo abinci ya zuba nasa a murfin kwano ya koma can gefe. Ina kallon yadda yake tauna, ina neman alamar rashin gaskiya a fuskarsa, kuma duk abin da ya yi sai in ga alama ce. In ya dube ni in ce yana auna ni, in ya kau da kai in ce kunya ce ta kama shi.

Kyaftin ɗinmu mutumin kudu ne, Hausarsa ta bariki ce, ta sayen goro da ba da umarni. Ya saurare ni ina ƙame a gabansa, na yi bayanin gona da rumfa da gwangwanaye da al'adar Baba. Ina magana ina jin yadda labarin ke fita kamar wanda aka ƙirƙira a hanya. Ya ce abu ne mai sauƙi, za a kira lambar a buɗe murya kowa ya ji. Saje ne zai yi tambaya, Ɗan Gwadangaji ya fassara abin da Saje bai gane ba, Saje kuma ya lura ko an karkatar da fassarar. Ni ba a yarda in ce uffan ba. Ba kuma wanda zai ambaci tsuntsu. In tsuntsaye ne, tsohon ya faɗa da bakinsa.

Da na ji sharaɗin ƙarshe sai na tsoma baki. Na ce, "Oga, ba zai faɗa ba. Shinkafa na tsaye." Saje ya yi wani ɗan murmushi, karo na farko da na ga haƙoransa.

Da yake waya ba ta kamawa sai a tudu, can muka nufa da rana tsaka, ni a tsakiya ba bindiga. Duk wanda ba ya kan gadi ya fito. Wasu sun tsaya da kwano a hannu, wani da kumfar sabulu a kai. Saje ya danna lambar da na ajiye da sunan Baba, ya ɗaga wayar sama. Ta yi ta ƙara, har na fara fatan kada a ɗauka. Sai aka ɗauka, kuma abin da ya fara shigowa ƙarar gwangwanaye ce da tukutukun injin ban-ruwa. Baba yana tsakiyar gona.

Saje ya yi sallama ya ce, "Baba, mu abokan aikin ɗanka ne."

Baba ya ce, "Wa ka magana? Ina mai wayar?" Na san muryar. Ita ce wadda yake yi wa dillalan shinkafa. An sha kiran iyayen sojoji a garinmu a ce ɗansu na asibiti a turo kuɗi, don haka Baba ya riga ya ɗauka 'yan damfara ne.

Saje ya ce mai wayar yana lafiya, tambaya ce kawai. Ya ce, "Kwanaki kun yi maganar yaran da shi. Su wane ne yaran?"

Baba ya ce, "Yaran? Ai kowa ya san yaran."

"Ɗanka ya ce maka ta gefen ruwa za su shigo?"

"Ya hwaɗi, kuma gaskiya tai. Shi ad da sanin hanyassu. Tun shina ƙarami ya san inda suka kwana, ya san lokacin da suka hitowa."

Innalillahi! Na ji wata 'yar guna-guni ta tashi a ƙasan tudu. Ɗan Gwadangaji ya fassara wa kyaftin kalma bayan kalma, bai rage komai ba. A lokacin na ce a raina ga shi nan, yana jin daɗin binne ni. Saje kuwa sai gyaɗa kai yake yi.

Ya ce, "Baba, sunansu nake so ka faɗa min."

Baba ya ce, "Ba a kiran sunansu."

"Don me?"

"Don suna ji. Kai wane irin mutum na? Ba ni ɗana in yi magana da shi, in ba haka ba ni kashe wayag ga."

Kyaftin ya dubi Saje, Saje ya dubi kyaftin. Na ga hannun kyaftin ya fara ɗagowa alamar a katse. Ban san lokacin da na yi tsalle na kusanci wayar ba. Na ce, "Baba, ni na! Don Allah kira sunansu. In ba ka kira ba tahiya za a yi da ni!" Saje ya shaƙo wuyan rigata ta baya har maɓalli ya tsinke, amma kyaftin ya ce ya bar ni, ban ambaci komai ba.

Wayar ta yi shiru. Gwangwanayen ma sun tsaya, alamar Baba ya saki igiya. Injin kawai ake ji. Na san inda yake tsaye kamar ina ganinsa, a kan kunyar da ta raba gonarmu da ta maƙwabci, shinkafa har ƙugunsa, ta ko'ina ta sunkuyar da kai.

Ya ce, "Lahiya kake?"

Na ce, "Kira su, Baba."

Ya ja numfashi. Sannan ya ce, da ƙarfi, yadda kowa a tudun ya ji, "Jan-baki na. Tsuntsaye na, masu cin shinkahwa. Jan-baki. Kun ji ko in ƙara?" Sai ya ce a hankali, kamar ba da mu yake ba, "To, na kira su."

Wani a ƙasa ya fashe da dariya, wasu suka bi shi. Ni ban yi dariya ba. Tunda aka haife ni ban taɓa jin kalmar nan a bakin Baba da shinkafa a tsaye ba, kuma na san abin da ta ci masa. Kyaftin ya sa aka yi masa bayanin tsuntsun, wani daga cikin masu dafa abinci ya ce a garinsu ma suna cinye gero. Da la'asar aka maido min da bindigata. Wayar sai da ta ƙara kwana biyu a hannun Saje. Motar birni ta zo ta sauke buhuna ta koma ba ni a ciki, na tsaya ina kallon ƙurarta har ta ɓace.

Ba wanda ya ba ni haƙuri, a soja ba a yin wannan. Kuma zargin bai tafi duka ba. Na ji da kunnena wani na cewa ai uba da ɗa suna iya shirya magana tun kafin a kama su. Sunana ya tashi daga Sarkin Shinkafa ya koma Jan-baki, wasu da wasa, wasu ba da wasa ba. Ɗan Gwadangaji ya yi mako yana ci a murfin kwano, ranar nan kuma sai kawai ya zo ya tsoma cokalinsa a nawa ya ce gishiri ya yi yawa, muka ci gaba. Wanda ya kai ni kuwa har yau ban san shi ba. In na tuna layin nan nakan bi fuskokin ɗaya bayan ɗaya, kuma gaskiya ko tasa ban iya cire ta gaba ɗaya ba, duk da na fi son a ce ba shi ba ne.

Na daina ɗaga murya a tudu. In na kira gida sai gaisuwa. Ina tambayar Baba gona, ya ce lahiya lau. Na sake kira, lahiya lau. Amma kunnena ya riga ya koyi zargi, kuma na lura ba na jin gwangwanaye a bayansa, ba na jin inji, sai kukan awaki da muryar Inna. Lokacin da ya kamata a ce yana gona daga asuba har magariba, me yake yi a gida? Na tambayi ƙanena, ya ce fasinja na jiransa, ya kashe.

Da damina ta kusa aka ba ni hutu. Na sauka Birnin Kebbi, na hau keken ƙanena zuwa Gwadangaji na kai wa uwar abokina saƙonsa. Ta riƙe hannuna tana ta tambaya ko yana cin abinci, ta cika min leda da yaji in kai masa. Daga nan na wuce Zauro. Ina shiga gida idona ya faɗa kan ɗakin da muke jera buhuna, ƙofarsa a buɗe, kaji na shiga suna fita.

Inna ta yi min tuwon shinkafa da miyar kuka da busasshen kifi, abin da na yi wata da watanni ina mafarkinsa. Muka zauna da Baba a tabarma, ya rame, gemunsa ya ƙara fari. Na yanki loma ɗaya na kai baki. Shinkafar gida ce, mai kyau ce, amma ba tamu ba ce. Tamu tana da wani ƙamshi da ƙasar gefen ruwa ke ba ta, ko a cikin barci aka ba ni zan gane.

Na ce, "Inna, wagga shinkahwa ta ina ta?"

Ta dubi Baba. Ta ce ta je Argungu shekaranjiya, kawunnaina suka auno mata, don kada in zo in tarar da tuwon masara.

Na ajiye hannu. Baba bai daina ci ba. Ya ce kwana kaɗan bayan wayar nan suka sauko da asuba, ta gefen ruwa, garken da bai taɓa ganin irinsa ba. Ya ja igiya har ta tsinke. Kafin rana ta ɗaga an gama.

Ya ce, "Na kira su, sun amsa."

Raina ya ɓaci, na ɗaga murya a gaban ubana, abin da ban saba ba. Na ce wannan ba gaskiya ba ne, ƙanena ya gaya min a hanya cewa sun cinye ta maƙwabta ma, sun cinye har ta liman, su wa suka kira? Na ce tsuntsu ba ya jin Hausa, raggayen masu gadi ne suka jawo, da rashin wanda zai hau rumfa da asuba. Ina faɗa ina jin ƙwalla na zubo min, don na san wanda ya kamata ya hau rumfar.

Baba ya bari na gama. Ya ce, "Na sani." Ya gyara zama, ya tura min gefen kwanon da ya fi kifi. Ya ce, "Ko sun ji ko ba su ji ba, da za a sake, ni kira su tun kahin ka roƙe ni. Shinkahwa ana sake dasa ta. Ci tuwonka shina hucewa."

Na mayar da hannu cikin kwanon na ci.